Martani: A Bar wa Keken Talaka Notinsa na Tagulla

Na karanta makalar da ta fito a bugun da ya gabata na wannan mujalla, inda marubucin ya shawarci masu keke da masu gyaransa su rabu da notin tagulla da ake ɗaure wayoyin ƙafar keke da shi, su koma na alminiyom. Na ji daɗi da aka ba wannan ɗan ƙaramin abu fili, domin yawancin masu hawa keke ba sa tunawa da shi sai ranar da ƙafa ta fara rawa. Amma shawarar da Malam ya bayar ba daidai ba ce, kuma in aka bi ta, waɗanda za su ji jiki su ne mutanen da keke ne jarinsu: manomin da ke kai buhu kasuwa, mai tallan burodi, ɗan makaranta, leburan da ke shigowa birni da asuba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mutane da dama sun kakkaɓe kekunan da suka daɗe a jingine. A Maiduguri kuwa, tun hana hawa babur da aka yi a 2011 keke ya zama ƙafar jama'a. Maganar ta shafi aljihun mutane masu yawa, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Malam ya ce alminiyom ya fi sauƙin nauyi, kuma ba ya tsatsa, ga tukwanen girkinmu shaida. Ya ce fargabar da Turawa ke yi game da shi ta samo asali ne daga gishirin da suke watsawa a titi lokacin ƙanƙara, mu kuwa ƙasarmu busasshiya ce. Ya kuma kafa hujja da 'yan tseren keke na duniya, ya rufe da yabon kalolin da notin alminiyom ke zuwa da su, ja da shuɗi da ruwan zinare. Duk abin da ya faɗa yana da ƙamshin gaskiya. Inda ya kauce shi ne, ya auna notin a ranar da aka sayo shi daga shago, alhali ranar da ya kamata a auna shi ita ce ranar da aka kai ƙafar wajen mai gyara, bayan shekara uku ko biyar tana shan ƙura da laka da kaya.

Mu fara fahimtar aikin da notin yake yi. Wayar keke takan saƙalu a jikin hob da lanƙwasasshen kanta, ɗaya bakin kuma mai tiredi ya shiga cikin notin da ke zaune a ramin rim. Murɗa notin ne ke ja wa wayar tauri, kuma da wannan murɗawar kaɗai ake miƙe ƙafar da ta karkace. A ƙafar da aka ɗaure da kyau, kowace waya tana ɗauke da ja da ya kai wajen kilo 100. Injiniyan nan Jobst Brandt ya bayyana a littafinsa na 1981 kan ƙafar keke cewa idan aka hau keke, wayoyin da suka zo ƙasa su ne ke ɗan saki, da sun wuce kuma su koma yadda suke. Ke nan kowane juyi ɗaya, kowane noti sai ya sha saki da ja sau ɗaya. Ƙafa mai inci 28, irin ta Raleigh da Phoenix da Hero, tana juyawa kusan sau 450 a kilomita ɗaya. Wanda yake tafiyar kilomita 10 zuwa wurin aiki ya dawo, ya juya ta sau 9,000 a yini. A shekara ana maganar miliyoyi ne. Duk wannan wahala a wuyan wani ɗan abu take sauka wanda tsawonsa bai wuce milimita 12 zuwa 16 ba.

To, nawa ne nauyin da Malam yake so mu rage? Gaskiya ne tagulla, wadda gamin jan ƙarfe ce da tutiya, ta ninka alminiyom nauyi kamar sau uku. Notin tagulla ɗaya mai milimita 12 yana kai kusan giram 1, na alminiyom kuwa kamar sulusin giram. Keke yakan ɗauki noti 72, ko dai 36 gaba 36 baya, ko kuma 32 gaba 40 baya kamar yadda tsofaffin kekunan Ingila suke zuwa. In aka canza su duka, abin da aka rage bai wuce giram 50 ba. Yanzu a ɗora wannan a kan keke mai kilo 20, da mahayi mai kilo 65, da buhun taki mai kilo 50 a kariya. Jimla kilo 135. Giram 50 a cikin wannan kashi ɗaya ne cikin 2,700. Lakar da ke manne a madigadi bayan ruwan sama guda ta fi haka nauyi. Malam ya ambaci cewa nauyin da ke gefen ƙafa ya fi takura saboda juyawa yake yi, kuma akwai gaskiya a ciki, amma iyakarta ita ce nauyin yana zama tamkar ninki biyu, shi ma a lokacin da ake ƙara gudu kawai. Da zarar keke ya daidaita a tafiyarsa, bambancin ya ɓace. A ninka giram 50 ɗin, a ba shi 100. Babu cinyar ɗan Adam da za ta ji wannan a hanyar Dawanau.

Abin da aka ba da a madadin wannan giram 50 shi ne ya dame ni. Ina roƙon Malam ya samu lokaci ya zauna a bencin mai gyaran keke na gefen hanya, ya kalli yadda ake miƙe ƙafa. Za a kifa keken a kan sirdi da hannu. Mai gyara zai juya ƙafar, ya kafa babban yatsansa ko ɗan guntun alli kusa da rim, yana lura da inda take gogawa. Sai ya ɗauko 'yar sifanar waya, wannan zagayayyiya mai tsaga da yawa a gefe, ya gwada wannan tsaga ya gwada waccan har ya samu wadda ta ɗan kama. Sau da yawa sifanar ta tsufa, bakinta ya buɗe. In ta ƙi kamawa, filaya ce za ta fito. Ba laifinsa ba ne, kayan aikin da yake da su ke nan, kuma da su yake ciyar da iyalinsa. Wurin da sifana ke kamawa a jikin noti kusurwa huɗu ne, faɗinsa tsakanin milimita 3.2 da 3.5, gwargwadon kamfanin da ya yi shi. Bambancin da ke tsakanin sifanar da ta dace da wadda ba ta dace ba bai kai rabin milimita ba. Tagulla tana haƙuri da wannan. Ko sifana ta ɗan zame, kusurwar takan tsaya, a sake kamawa a murɗa. Alminiyom kuwa zamewa ɗaya ko biyu ta isa ta mulmule kusurwar, daga nan babu abin da zai sake kama shi.

Ranar da noti ya mulmule, ƙaramin gyara ya zama babba. Sai an sace iska, an cire taya da tub, an ɗaga robar da ke rufe ramukan rim. In tiredin ma ya kafe, sai an datse wayar da ƙalau take an sayi sabuwa. In kuma a ƙafar baya ne ta ɓangaren kaca, sai an kwance firiwil kafin sabuwar waya ta shiga, kuma duk wanda ya taɓa fitar da ƙafar baya ta keke mai kwandon kaca ya san ba aikin minti biyar ba ne. Mutumin da ya tsaya a ɗan taɓa masa ƙafa ya wuce kasuwa, ga shi ya yi asarar rabin yini da kuɗin waya da na aiki. Da yawa ba za su iya ba, sai su ce a bar shi haka. Su ci gaba da hawa da waya ɗaya a sake, nauyinta ya koma kan maƙwabtanta, su ma su fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. A keke mai birkin ƙarfe, wanda robarsa ke jan cikin rim, ƙafar da ba ta daidaita ba tana sa birki ya riƙa kamawa yana saki. A gangare da kaya a baya, wannan magana ce ta rai.

Akwai wani abu kuma da Malam bai taɓo ba sam, wato tsawon waya. Kamata ya yi bakin waya ya ratsa noti har ya iso kansa, daidai tsagar da ake sa sukundireba. In ya iso nan, ƙarfen wayar ne ke tallafe da wuyan notin daga ciki. In wayar ta gaza da milimita biyu ko uku, wuyan notin shi kaɗai ke riƙe da kilo 100 ɗin nan, fanko, ba komai a cikinsa. Tagulla takan jure wannan shekara da shekaru. Alminiyom yakan gaji, wata rana sai a ji ƙas, kan notin ya cire ya faɗa cikin rim, wayar tana lilo. A ƙasashen da ake ɗaure ƙafa da lissafi, akan auna rim da hob a fitar da tsawon waya daidai da milimita. A nan kuwa mai gyara yakan ɗauko abin da ke cikin gwangwaninsa ne, in ta kusa daidai a ɗaura. Wanda zai ba jama'a shawara dole ya dubi yadda ake aikin a inda jama'ar suke.

Sai maganar tsatsa. Gaskiya ne alminiyom ba ya yin jan tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, amma yana da tasa cutar. Abin da ke kare shi wata siririyar fata ce da yake yi wa kansa da zarar ya haɗu da iska, kuma kalar da Malam ya yaba ita ma wannan fatar ce aka ƙara mata kauri da lantarki aka rina. Sifana tana kankare ta daga waje, tiredin waya yana kankare ta daga ciki, bakin ramin rim yana cin ta a wuya. Tukunya ita kaɗai take zaune a murhu, a wanke ta a kife ta bushe. Noti kuwa a matse yake da wani ƙarfe daban dare da rana, ga ja a kansa, ga lungun tiredi da ruwa ke shiga ya ƙi fita. Duk inda ƙarfe iri biyu suka haɗu, aka samu ruwa mai ɗan gishiri a tsakaninsu, sai su zama tamkar ɗan ƙaramin batir, ɗaya ya riƙa cinyewa. Tsakanin alminiyom da wayar da ba ta tsatsa, irin wadda ke kan yawancin kekunan zamani, alminiyom ne ke cinyewa. Alamarsa wani farin gari ne da ke fitowa a gindin noti. Wannan gari ya fi ƙarfen da ya fito daga gare shi cin wuri, don haka sai ya cika tiredi ya ƙulle shi tam. Tagulla da irin wannan waya kuwa halinsu ya yi kusa, ba sa cin juna sosai, kuma tagulla tana da santsi a kan ƙarfe, shi ya sa ake yin bushi da famfunan ruwa da ita.

Cewa ƙasarmu busasshiya ce, wannan gaskiyar rani ce. Daga Yuni zuwa Satumba keke cikin ruwa yake kwana yake tashi. Yana ratsa kududdufi da ruwan kwata, kuma ruwan kwata ba ruwan sama ba ne, akwai gishiri da sabulu da komai a cikinsa. Muna wanke keke da garin sabulun wanki, wanda kaifinsa yake narkar da fatar nan ta alminiyom. Muna ɗaukar kanwa a kariya, ita ma haka take yi masa. Muna ɗaukar gishiri da takin zamani, buhu yana zuba a kan ƙafar baya, raɓa ta sauka a kai. Ga 'yan'uwanmu da ke Legas da Kwatano da Akara, inda iskar teku ke ɗauke da gishiri. Har gishirin Turai ɗin da Malam ya ce bai shafe mu ba, ya shafe mu, domin kekunan gwanjo da suka cika kasuwanninmu sun sha hunturun can kafin a loda su a jirgin ruwa. Duk wanda zai sayi irin wannan keke, ya duƙa ya duba gindin notocin. In ya ga farin gari, ya sa a gwada murɗa uku ko huɗu a gabansa kafin ya biya, domin sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ba na cewa tagulla ba ta da aibi. Babban makiyinta shi ne sinadarin amoniya, wannan mai warin da ke tashi daga fitsarin dabbobi. Sojojin Ingila a Indiya sun sha mamakin yadda kwanson harsashinsu na tagulla ke tsagewa a lokacin damina, sai a 1921 masu bincike suka tabbatar cewa ajiye su da ake yi a bargar dawaki ne sanadi: amoniyar fitsarin doki ce ke haɗuwa da danshi ta tsaga tagullar da ke cikin matsi. Wannan darasi ne gare mu kai tsaye, domin gidaje da yawa a turken awaki ko kusa da akurkin kaji ake jingine keke. Rufin nikel da ake yi wa notin tagulla, wanda ke sa shi fari yana ƙyalli, yana taimakawa, amma abin da ya fi shi ne a nisanta keke daga turke. Wannan aibi ne da mai keke zai iya kauce masa ba tare da kashe ko kwabo ba. Mulmulewar alminiyom a bakin tsohuwar sifana kuwa ba shi da yadda zai yi da ita.

Ina kyautata zaton abin da ya sa Malam ya yanke wa tagulla hukunci shi ne jan tsatsar da yake gani a notocin kekuna masu araha. In haka ne, ba tagulla ya gani ba. Tagulla ba ta jan tsatsa, sai dai ta dushe ko ta yi kore-kore. Abin da ya gani baƙin ƙarfe ne da aka shafa wa farin rufi, a ido kamar tagulla mai nikel, damina ɗaya ko biyu ya kafe a jikin waya. Wannan shi ne ainihin abin da ke cutar masu keke a kasuwanninmu, kuma da a kansa Malam ya yi rubutu da na sa hannu na goya masa baya. Gane shi ba wuya. A kanga masa maganaɗisu, ko da na tsohuwar lasifikar rediyo ne: baƙin ƙarfe zai manne, tagulla da alminiyom ba za su manne ba. Sannan a goga ɗaya a jikin magagari ko dutse. In cikinsa ya fito ruwan ɗorawa, tagulla ce. In ya fito fari, kuma ka tara goma a tafin hannu ka ji kamar ba ka riƙe komai ba, alminiyom ne. A kuma tabbatar kaurin noti ya dace da na waya. Waya mai lamba 14 kaurinta milimita 2 ne, mai lamba 15 milimita 1.8, mai lamba 13 ta ɗaukar kaya kuwa 2.3. Notin lamba 14 zai hau wayar lamba 15 kamar lafiya, sai an fara ja masa tauri tiredin ya zame.

Game da 'yan tsere, ban musa ba, suna amfani da alminiyom, kuma a wurinsu yana da ma'ana. Hukumar tseren keke ta duniya ta ƙayyade tun shekarar 2000 cewa keken gasa kada ya gaza kilo 6.8, kuma kamfanoni suna ta fafutukar kusantar wannan iyaka giram bayan giram. Mai gudu a Tour de France, ko ma Tour du Faso da ake yi a Burkina Faso tun 1987, daƙiƙa ɗaya tana iya raba shi da kambi. Amma a bayansa akwai mota ɗauke da ƙafafun canji, akwai makanikin da ke duba keken kowane dare da sifanar da ta dace da notin daidai, kuma ba a sa ran ƙafar ta yi shekara goma. Matashin da ke da keken tsere a Kaduna ko Yamai, yana da sifanarsa mai kama kusurwa huɗu, wayoyinsa an auna su, yana shafa mai a tiredi, in ya zaɓi alminiyom mai kyau ba ni da ta cewa. Sai dai ya sani mai kyan ya fi tagulla tsada, marar kyan kuwa da ake sayarwa don kala, ba girin-girin ba dai, ta yi mai. In misali daga waje ake nema wanda ya yi kama da halinmu, a dubi keken Buffalo da ƙungiyar World Bicycle Relief ke rabawa da sayarwa a Zambiya da Kenya da Malawi. Nauyinsa ya haura kilo 20, wayoyinsa masu kauri ne, an gina kariyarsa ta ɗauki kilo 100. Waɗanda suka zauna suka tsara keke musamman don hanyoyin karkarar Afirka, ƙarfi da sauƙin gyara suka sa a gaba, suka yarda da nauyin.

Kirana ga masu gyara shi ne, duk ƙafar da za ku ɗaure, ku sa notin tagulla, ku ɗiga ɗan mai a tiredi da kuma inda kan notin ke zama a ramin rim, ku tabbatar waya ta iso kan noti, in sifanarku ta buɗe baki ku canza ta. 'Yan kasuwa masu shigo da kayan keke kuma, ku ji tsoron Allah ku daina sayar da baƙin ƙarfe da sunan tagulla. Mai keke, ka riƙa zuwa shago da ɗan maganaɗisunka a aljihu. Malam kuwa ina roƙonsa, cikin girmamawa, ya janye wannan shawara a bugu na gaba, kafin wani ya kwance notocinsa masu lafiya ya sayi wahala da kuɗinsa.